Jirgin da Inna Ta Ce Ya Tsage

Batsari zuwa Katsina

Tun kafin kiran assalatu na ɗaure jakata, amma motarmu ba ta bar tashar Batsari ba sai da gari ya waye tangaran, don yanzu babu direban da ke shiga hanyarmu da duhu. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, sai dai wannan tafiya ba ta ciniki ba ce. Inna ce ta aike ni Legas in taho mata da autanta, Sanusi.

Hoto ne ya jawo abin. Auta makaniken injin ban ruwa ne, da noman rani ya gagara a wajenmu ya gangara kudu, Allah ya haɗa shi da aikin kula da inji a wani jirgin ruwa mai gudu da ke jigilar fasinja. Ya turo mini hotonsa a tsaye gaban jirgin, ni kuma da rawar kai na kai wa Inna har Zakka don ta ji daɗi. Ta kai wayar kusa da ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan jirgi ai ya tsage biyu. Ga rami nan tsakiya, har ina hangen ruwan da ke bayanshi." Auta ya yi bayani ta waya har ya gaji, ta ce ɓoye mata yake yi. Ta yanke hukunci: in je in taho da shi, in ya ƙi kuma kada ya ƙara kiranta. Aikin nan kuwa shi ke riƙe da gidan tun da gonarmu ta bakin daji ta fi ƙarfinmu. Ni kaina ramin bai kwanta mini ba.

Mun wuce shingayen sojoji da na 'yan sa-kai babu wata matsala. Direba ya tambaye ni inda na nufa, na ce Legas, ganin jirgin ruwa. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Alhaji, kai da ko gulbi ya kawo sai an riƙe maka hannu?" Duk motar aka yi mini dariya, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Katsina zuwa Legas

Bayan azahar babbar mota ta tashi. Muka bi Zariya da Kaduna, muka kwana muna tafiya. Da hantsi muka hau gadar da ke kusa da Lokoja, na leƙa ƙasa sau ɗaya na ja labule. Muka tsaya cin abinci, na sayi soyayyar doya da kifi mai yaji, na ci ina share hawaye. Daga nan sai daji kore shar, da itatuwan kwakwar manja, da shingayen 'yan sanda waɗanda na daina ƙirgawa. La'asar sakaliya muka shiga Legas.

Auta ya tare ni a tasha, ya yi ƙiba har da ɗan tumbi. Ya durƙusa ya gaishe ni, muka tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce a hankali, "Yaya, da gaske Inna take?" Na ce da gaske take. Muka wuce ɗakinsa a Ikorodu, ya sayo mini tuwon shinkafa a wajen wata 'yar Arewa, shi kuwa ko loma bai kai ba.

Bakin ruwa

Da safe ya kai ni filin da ake gyaran jirage. Mun yi sa'a an ciro ɗan'uwan jirginsu an ɗora shi kan ƙarafa ana masa fenti. Auta ya kama hannuna ya shigar da ni cikin ramin nan da ya hana Inna barci, na bi ta ciki a tsaye na fita ta baya. Ashe ba tsagewa ba ce. Kwale-kwale biyu ne, dogaye sirara, ɗaya dama ɗaya hagu, aka shimfiɗa daɓe a kansu aka gina ɗakin fasinja. Na ƙwanƙwasa ƙarafan da suka haɗa su, na yi lilo a jikin ɗaya kamar yaro, ko motsi bai yi ba.

Matuƙin jirginsu, wanda kowa ke kira Kyaftin, Bayerabe ne tashin Funtuwa, Hausa a bakinsa kamar tamu. Ya zagaya da ni yana nuna mini ƙasan jirage. Ya ce mai faffaɗan ciki ruwa yake turawa a gabansa, shi ya sa ba ya sauri. Siriri yanka ruwa yake yi, amma shi kaɗai ba ya tsayuwa da kyau, sai a haɗa biyu a ware su, a sami gudu a sami zama. Ya nuna mini wani ƙarami mai ciki ɗaya, gabansa da kaifi kamar bakin garma, bayansa a shafe. Ya ce wannan in ya ɗauki wuta ɗagowa yake yi ya riƙa sulɓi a kan ruwa. A wayarsa kuma ya nuna mini na ƙasashen waje: mai ciki uku, da mai fukafukai a ƙarƙashi waɗanda ke ɗaga jirgin sama in ya yi gudu, da wani da ke tafiya kan iskar da yake hura wa ƙasansa. Na ce, "Kyaftin, waɗannan ka bar su a wayar. In Inna ta ga mai fiffike, har ni sai ta hana zuwa kasuwa."

Kan ruwa

Gani a tudu bai isa shaida ba, dole in hau. Aka ɗaura mini rigar hana nutsewa, na zauna a tsakiya, na karanto duk addu'ar da na sani. Injuna biyu suka yi ruri, kowane ciki da nasa, Auta na can baya yana leƙa su. Kafin in ankara gari ya yi nisa. Ruwa na wucewa fuu ta taga, amma matar da ke kusa da ni tana shan shayi a kofi, ko ɗigo bai zuba ba. Da wani jirgi ya gifta ya turo mana igiyar ruwa, namu ya ɗan yi rawa ya daidaita. A nan na saki kujerar gabana, na ga ashe yatsuna har sun sage.

Da za mu dawo, ƙarambani ya sa na ce a sa ni a ƙaramin nan mai ciki ɗaya don in kwatanta. Wayyo! Yana tashi ya ɗaga hanci sama, ya riƙa dukan ruwa tim, tim, kamar akori-kura a hanyar Runka. Hulata ta tafi, har yau tana Legas. Na sauka kai ba hula, Auta na dariya har da riƙe ciki. Na ce masa, "Zauna kan aikinka. Ni zan koma in ji da Inna." Ya daina dariyar ya ce, "In ta ƙi fa, Yaya?" Na ce in ta ƙi, sai ya haɗa kayansa, ya sani na sani.

Dutsin-ma, Safana, Zakka

Dawowa ta fi tafiya tsawo, don ni kaɗai nake tafe kuma an aike ni in zo da mutum. Na ɗauko hotuna da yawa, amma hoto ne ya ɓata abin tun farko, ban sa rai zai gyara ba. Na sauka Dutsin-ma, na shiga ƙaramar mota zuwa Safana, na sayi tsire da goro, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Zakka kafin la'asar.

Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta amsa gaisuwata tana leƙen bayana. "Ina yake?" Na ce, "Inna, a ba ni baho da ruwa tukuna." Ta dube ni kamar na zautu, amma ta sa aka kawo. Na ɗora faifai kan ƙoƙo ɗaya a cikin ruwan, na aza ɗan dutse a gefe, nan take ya kife. Na ɗauko ƙoƙo biyu na ware su, na ɗaure da kara, na ɗora faifan da dutsen, ya zauna daram.

Inna ta matso. Ta jawo muciya ta kaɗa ruwan da kanta, da ƙarfi, har ya fantsamo mini a riga. Faifan ya yi ta rawa bai kife ba. Ta matsar da dutsen can baki, ta sake kaɗawa. Sannan ta sunkuya, da ciwon bayanta da komai, ta leƙa tsakanin ƙoƙunan ta ga ramin.

"Kai da ƙafarka ka shiga?"

"Na shiga, Inna. Na bi ta ƙarƙashi, na hau kanshi, na ƙetare ruwa."

Ta ɗago ta ce, "To ai mangala ce. Buhu nan, buhu nan, jaki a tsakiya. Mi ya hana shi ce mani mangala ce tun farko, ya bar ni wata guda ba barci?"

Na zauna a ƙasa ina hamdala. Na ba ta labarin ƙaramin jirgin da ya raba ni da hulata, sannan ta ce in kira mata Auta. Yana ɗauka ta ce, "Auta, ka ci abinci?" Ya ce bai ci ba. Ta ce, "To tashi ka ci, ka kama aikinka. Allah shi tsare. Amma ƙaramin nan da ya cinye hular yayanka, ban yarda ka hau ba." Ina jin muryarsa ta cikin wayar yana ta amin.

Washegari na iso Batsari lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Kyaftin da direbobin da suka yi haƙuri da tsorona. Ƙoƙunan nan biyu kuwa Inna ta hana a kwance su, suna rataye a ɗakinta, duk wadda ta shigo gaisuwa sai an kawo baho an nuna mata jirgin Auta.