Ranar da Dada Émilienne Ta Shafa Toka

Dada Émilienne tana sayar da gyaɗa da busasshiyar kuɓewa a ƙofar gidanmu da ke Yelwa, cikin Garuwa. Mahaifina, Malam Halliru mahauci, shi ya ba ta ɗakin bayan zaure, ita da ɗanta Jonas, shekarar da aka ƙone ƙauyensu a duwatsun Mandara. Gajeriya ce, ƙafafunta sun ɗan lanƙwashe saboda hawan dutse da kaya a ka tun tana yarinya. Hausarta ta kasuwa ce, tana gauraya ta da Fillanci, Faransanci kuwa ba ta ji ko kaɗan. Ran Lahadi takan tafi coci, ta dawo ta zauna da innata suna tsintar shinkafa suna gulmar mazan unguwa.

Da na gama jami'a a Ngaoundéré na dawo gida ina jiran aiki, sai na riƙa zama wurinta ina taya ta ɓarar gyaɗa. Ni ba mai yawan magana ba ce, ita kuma ba ta damu da a amsa mata ba. A nan na ji labarin yaƙin da ta gada.

Ta ce lokacin da babanta yake yaro, Faransawa sun hau musu dutse da sojojinsu suna neman haraji da mazan da za su yi musu aikin hanya. Mutanen dutse suka ƙi. Ba su da bindiga, sai baka da kibiya mai dafi. Suka toshe rijiyoyi da duwatsu don sojoji su rasa ruwa, suka riƙa gangaro musu da manyan duwatsu a ƙuntatacciyar hanya, kafin a ɗaga bindiga sun shige kogo. Sojoji suka ƙone rumbuna, duk da haka ba wanda ya sauko. Daga baya sai suka zo da tafinta, ya tsaya a gindin dutse yana kiran maza da sunayensu, yana cewa an yi sulhu. Duk wanda ya amsa ya sauko, igiya aka sa masa a wuya, ba a sake ganinsa ba.

"Daga nan mata suka koyi abin yi," in ji ta. "Idan mai bindiga ya zo da sunan ɗanki a bakinsa, ɗan ya hau dutse, ke kuma ki shafa toka a fuska da ƙirji ki zauna a ƙofa. Ki ce ya mutu. Idan sun ce me ya kashe shi, ki ce agana. Suna tsoron agana kamar me, ba sa shiga ɗaki."

Na ce, "Dada, ai wannan zamanin da ne."

"Zamanin da? Ke ɗiyata, da wannan hannun na yi."

Ranar da 'yan bindigar da ake kira mutanen daji suka tsallako iyaka suka shiga ƙauyensu, da jerin sunayen samari suka zo a baki. Jonas ya haye dutse, ita ta shafa toka ta zauna tana kuka, suka wuce ta. Mijinta Fulbert kuwa ya fita ya yi musu bayani, aka harbe shi a bakin rumbu. Daga nan ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Jonas yana aikin moto, wato babur na haya, yana ɗaukar fasinja daga babbar kasuwa. Wata rana da hantsi ya shigo gida da gudu ya jingine moton a zaure. Abokin aikinsa ne ya kira shi a waya ya ce jandarmomi sun zo wurin tsayawarsu suna tambayarsa da suna. An kama wani mutum a tasha da kayan da ba a yarda da su ba, ana neman duk wanda ya taɓa ɗaukarsa. Jonas ya zo ne ya ɗauki katin shaidarsa ya je ya same su. Ina tsakar gida na ji uwarsa tana yi masa magana da yarensu, murya ƙasa ƙasa amma da sauri. Na ga ya yi tsaye da katin a hannu, fuskarsa ta canza. Sai ya juya ya shige rumfar da babana yake tara fatu a bayan gida. Ita kuma ta nufi murhun innata ta cika hannu biyu da toka.

Ba a jima ba mota ta tsaya a ƙofa. Jandarmomi biyu ne, babbansu ɗan kudu ne, ba ya jin Hausa ba ya jin Fillanci. Inna ta turo ni waje tana cewa, "Nazira, je ki, ke kika yi boko." Na fita. Dada tana zaune a ƙasa kusa da farantin gyaɗarta, fuska fari fat, ta zame zaninta zuwa ƙugu tana rera wani kuka da ban taɓa ji ba. Maƙwabta sun fara leƙowa.

Babban ya gaishe ni da ladabi, ya ce Jonas suke nema, tambaya kawai za su yi masa. Na mayar wa Dada.

"Ki ce ya mutu."

Na dube ta. Ba ta dube ni ba. Na ce da shi, "Ta ce ya mutu."

"Yaushe?"

"Da damina," in ji Dada.

"Me ya kashe shi?"

"Agana."

Na san agana ta ƙare a duniya tun ba a haife ni ba. Na faɗi kalmar da Faransanci da kyar, muryata kamar ba tawa ba. Mutumin ya ƙura min ido. Ƙaramin kuwa ya shiga zaure ya ɗora bayan hannunsa a kan injin moton, ya janye da sauri.

"Shef, mamacin nan bai daɗe da sauka daga moto ba," ya ce da shugaban nasa yana dariya.

Babban bai yi dariya ba. Ya tambaye ni daga ina mutanen nan suka zo, na ce daga dutse, kusa da iyaka. Da na faɗi haka na ga idonsa ya sauya. Ya ce su da tambaya ɗaya suka zo, kamar yadda suka yi wa sauran masu moto. Amma saurayi daga bakin iyaka, wanda ya ɓuya da ya ji sunan jandarma, uwarsa kuma tana cewa ya mutu, wannan wani abu ne dabam. Ya ce idan rana ta faɗi Jonas bai kawo kansa ba, za su dawo da yawa, kuma da mai gidan za su fara. Suka tura moton cikin motarsu suka tafi.

Inna ta aika aka kira Baba daga mahauta. Ya shigo da jini a rigar aikinsa, ya saurari abin da ya faru, ya tsuguna gaban Dada.

"Dada, me ya sa kika yi haka? Nan Garuwa ce. Wane dutse zai hau, katangata?"

"Dutsen Tinguelin na nan. Ku bar shi ya kai can kafin la'asar."

"Ya kai can ya ci me? Waɗannan ba Faransawa ba ne, ba mutanen daji ba ne. Hukuma ce. Yana da kati, yana da shaidu, ni kaina zan tsaya masa. Ya je ya yi musu bayani kawai."

"Haka Fulbert ya ce, Malam."

Baba ya miƙe daga gabanta. Ya zauna a kan turmi yana share gumi da hularsa. Ni kuma ina tsaye jikin bango ina lissafa abin da zai faru idan suka dawo suka tafi da shi, ga Inna, ga ƙannena. Na ji haushin tsohuwar, na kuma ji tsoron kada ita ce mai gaskiya.

Jonas da kansa ya fito daga rumfar, jikinsa duk gishiri da warin fata. Ya ji komai. Ya ce, "Baba Halliru, mu je. Ba za a kama ka saboda ni ba." Uwarsa ta rarrafo ta riƙe ƙafarsa da hannu biyu. Ya sunkuya yana yi mata magana da yarensu, yana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ya yi wanka, Baba ya sa babbar riga, suka fita ana kiran la'asar.

Da magariba Baba ya dawo shi kaɗai. Ya ce sauran masu moto duk an sallame su tun rana, Jonas ne kawai aka riƙe, don ana so a san me ya sa ya ɓuya.

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya ci abinci sosai a gidanmu. Dada ta ƙi wanke tokar, ta ƙi fitar da gyaɗa. Kullum da safe Baba da malamin cocinsu, wani dattijo mai suna Étienne, sukan tafi ofishin jandarmomi tare su zauna a benci har azahar. Wata rana aka ce in je in maimaita abin da na fassara. Na zauna gaban teburi hannuna a matse tsakanin gwiwoyi, na ba su labarin rijiyoyi da igiya da agana da Fulbert, kamar yadda ta ba ni. Mai rubutun ya dakata ya dube ni.

"Wannan duk saboda yaƙin da aka yi tun kakana bai yi wayo ba?"

Na ce, "Da wanda aka yi kwanan nan."

Ya ci gaba da rubutu.

Sai da aka wuce mako aka saki Jonas. Ya shigo da rana tsaka, ya rame, idonsa ya faɗa. Mutumin tasha ya ce bai san shi ba, ba a same shi da komai ba. Uwarsa ba ta tashi ba, ta dai kama hannunsa ta juya shi gaba da baya, ta ɗaga rigarsa ta duba bayansa, sannan ta ce Inna ta ba ta ruwa da sabulu.

Moton bai dawo da wuri ba, kafin ya dawo kuma Jonas ya daina son tsayawa inda ake taruwa. Yanzu yana aikin fata tare da Baba. Ya yi wa uwarsa magana a gabanmu, ya ce kada ta sake yin haka ko wa ya zo. Ta ce to.

Bayan ya fita ta matso da farantin gyaɗa gabana. Ta ce, "Kin gani dai, ɗiyata. Ya amsa, sun riƙe shi."

Na buɗe baki in ce saboda tokar aka riƙe shi, sai wata mota ta rage gudu a ƙofar gida. Mu biyu muka yi tsit, hannunmu cikin gyaɗa, har muka ji ta wuce.