Yis a Cikin Gwaggo Habsu

Duk wanda ya taɓa kwana gidanmu na Tawa ya san Gwaggo Habsu ba mutane take fara gaidawa da safe ba, ƙullun fankenta take fara gaidawa. Za ta ɗaga tsohon zanen da ta lulluɓe roba da shi, ta leƙa, ta ce, "Kun tashi lahiya, ƴaƴana?" In ya kumbura yadda take so, ta sa mishi albarka. In kuwa ya ƙi tashi, to ranar kowa ya shiga taitayinsa, don sai ta zage shi tas, ta haɗa da mai butikin da ya saida mata yis ɗin, da direban da ya ɗauko shi daga Konni. Ni ce Rakiya, ɗiyar ƙanenta. A ɗakinta na girma, kuma wallahi an sha korata daga tsakar gida wai dariyata tana firgita yis.

Bayan yis, abin da ta yarda da shi a duniya shi ne kafso, ja-da-rawayan nan da masu yawo da magani a faranti ke saidawa bakin tasha, dab da inda take suya. Ba ta rabo da shi, kullum yana ƙulle a bakin zanenta. Ciwon kai, kafso. Haƙori, kafso. Ranar da akuyarta ta yi tari, ɓare guda ta yi ta zuba mata a ruwa. In ka ce, "Gwaggo, ki je asibiti mana," sai ta harare ka ta ce, "In tahi in yi mi? Su ma wanga za su ba ni, sai dai su sa ni layi tukuna."

To, wata shekara bayan an gama girbi, ciki ya sa ta gaba. Kumburi, zawo, baki ya yi fari, abinci ya ƙi shiga. Ita kuwa sai ƙara kafso take, ciwo na ƙaruwa. Mace mai jiki, mai murya har bakin titi, ta koma sai an matso kusa ake jin kuɗin fanke. Ana haka ɗanta tilo, Yaya Mamman, da ke aikin buro, wato ofis, a Yamai, ya kira ta wayar da ake ganin juna. Yana ganin fuskarta ya yi salati.

"Inna, haka kika koma? To ki ji da kyau. Ƙarshen wata ina tafe da mota. In na iske ki haka, ɗaukar ki zan yi, ki dawo Yamai ki zauna wurina. Suyar nan ta ƙare."

Gwaggo ba ta tsoron maciji, ba ta tsoron ƴan duwan masu kama kaya a kan iyaka, amma Yamai, kai! Sau ɗaya ta taɓa zuwa, ta dawo tana cewa gida ne mai ƙofar ƙarfe, kowa ya kulle kansa kamar an yi mishi laifi. Yana kashe waya ta dube ni ta ce, "Rakiya, nemo kabu-kabu. Mu tahi wurin masu layin nan."

Lokotoron da munka samu a asibiti, wato likita, yarinya ce, Badamagara, an turo ta aiki Tawa. Ta duba bakin Gwaggo, ta latsa cikinta, sannan ta ba ni ƴar kwalba ta ce a kawo bayan gida a yi analiz, a gano ciwon. Gwaggo ta dubi kwalba, ta dubi lokotoro.

"Ɗiyata, an roƙe ni hwanke, an roƙe ni wuta, har zane an roƙe ni. Amma wanga, ke kika fara."

Da sakamako ya fito munka koma. Lokotoro ta fara yi mini bayani da Faransanci, na ji ta ce lebur, yadda masu butiki ke kiran yis. Gwaggo ta kama hannuna.

"Mi ta ce? Na ji sunan ɗana."

"Inna," in ji lokotoro, "wani irin yis ne ya yi yawa a hanjinki."

Wallahi sai da kujera ta yi ƙara. Gwaggo ta dafe ciki da hannu biyu, ido waje.

"Yis? Cikina? La ilaha illallahu! Ashe ba ciwo nike ba, tashi nike!"

Lokotoro ta yi dariya har da dafa tebur. Da ta natsu ta ce ba na fanke ba ne, kuma ba ɗanɗana ƙullu ya jawo shi ba, sai dai a ce dangi ne na nesa. Kowa yana da ɗan kaɗan a cikinsa, zaune lafiya, don akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke taka mishi birki. Sai ta tambaya ko Gwaggo na shan wani magani. Na dubi bakin zanenta. Gwaggo ta kwance ƙullin a hankali, kamar wadda anka kama da kayan sata, kafso ya zube kan tebur.

"Ga su nan," in ji lokotoro. "Wannan ne ya kashe masu gadin, shi kuwa ba ya taɓa yis. Kin share mishi fili."

"Dangin nasu," Gwaggo ta ce tana girgiza kai. "Shekara da shekaru ina lulluɓe su da zanena, ashe ɗan'uwansu shina ciki shina cin amanata."

Lokotoro ta kwashe kafson ta jefa a aljihun tebur. Ta ce za ta rubuta nistatin, akwai na ruwa akwai na ƙwaya, amma na ruwan da sukari a ciki, ko Gwaggo na da ciwon sukari?

"Ba ni da shi, amma kar ki kuskura! Sukari ai shi ka tada shi. So kike in hwashe?"

Aka ba ta ƙwaya. Lokotoro ta ɗaura mata shi kan salla don kar ta manta: Asuba, Azahar, Isha'i, ta haɗiye da ruwa, kuma ta ci gaba har kwanakin da anka rubuta su cika ko da ta ji sauƙi. Ta ce zuciya na iya ɗan tashi, wannan ba komai, amma in ta ga ƙuraje, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a tsaida a dawo da ita nan take. Ta ƙara da cewa kar a aje shi bakin zane kusa da wutar kasko. Daga ranar na zama ƴar sandan magani.

Da farko abin ya tafi daidai. Sai ranar kasuwa, motocin Barmu da na Bambay sunka cika tasha, Gwaggo na zaune kan kujera tana ba ni umarni ni ina suya, na Azahar ya wuce ba mu tuna ba. Bayan Isha'i na ga ta ɓallo ƙwaya biyu.

"Gwaggo, biyu kuma?"

"Ramuwa. Guda na yanzu, guda na Azahar."

"Ba a haka!"

"Ke kika hi ni sanin addini? Salla ta kuɓuce, a rama. Azumi ya kuɓuce, a rama."

Na kira lokotoro na sa ta a lasifika. Ta ce in an tuna da wuri a sha, amma in lokacin na gaba ya riga ya zo, wancan ya wuce ke nan, guda kawai za a sha, ba a haɗa biyu. Gwaggo ta maida guda cikin kwali tana tsaki.

"Abin da ba a rama shi. Daga ji ka san na Nasara ne."

Kun san halin Gwaggo da gyara. Ba ta taɓa sallamar mai saye ba ta ɗora mishi guda a kai ba, in kuwa ta ga ka rame, biyu. Da ta fara samun ƙarfi ta karɓe matsaminta ta koma bakin kasko. Wata safiya Ila mai kabu-kabu, wanda ke ɗauko mata buhun fulawa, ya zo yana yamutsa fuska, ya ce cikinsa ke murɗawa tun jiya. Ina juyowa na ga ta naɗe mishi fanke a takarda, ta ɗora ƙwaya guda a sama.

"Ga gyara. Yis ne, na san shi. Ga ka nan ka fara tashi."

Na yi wuf na ɗauke. Na ce, "Gwaggo, tsoron Allah! Ke analiz anka yi miki. Shi wa ya duba shi? In tsutsa ce fa, ko taifot? Ki cuce shi, ki kuma rage naki."

Ila ya ja da baya, ya ce, "Gwaggo, ni dai a gyara mini da hwanke yadda anka saba."

Ta jefa mishi guda biyu, ta ce ya wuce asibiti, kuma ya tafi da kwalbarsa don ƴan wurin ba su da kunya.

Babban rikicin sai da sauƙi ya samu. Zawo ya tsaya, baki ya washe, ta zauna ta share tuwon gero da miyar kuka har tana neman ƙari. Muna ta hamdala. Da Azahar na je ɗauko magani inda nake aje shi, babu. Na duba ƙarƙashin katifa, na duba cikin kwalla, babu.

"Gwaggo, ina maganinki?"

"Na aje."

"Kin aje wa wa?"

"Ma damina. Ciwo ba shi sallama in zai dawo. Na warke, don mi zan ɓarnatar da sauran? Magani tsada garai."

Na yi lallashi, ta ce yarinya ce ni. Na ce lokotoro ta ce a shanye, ta ce lokotoro ba ta cikin cikinta. Na ce Yaya Mamman na tafe, ta ce ya zo ya ga kumatu. Raina ya ɓaci sosai, don na san in ciwon nan ya dawo daidai zuwansa, ba mai hana shi tafiya da ita. Na fita tsakar gida ina huci, na iske robar ƙullu ta ƙare suya, na ɗauka zan wanke. Sai na ji ihu daga ɗaki.

"Ke! Kar ki wanke min roba! Ba ki ga na bar saura a gindi ba?"

Na tsaya da roba a hannu. Na ce, "Wannan ɗan abin? Mi zai yi miki?"

"Ji sakarya! Wanga ɗan sauran da kike rainawa, shi ka tada na gobe. Ki ba shi hulawa da ɗumi ki gani, kahin sahiya ya cika roba."

"To," na ce. "Na cikinki fa, da kika bar saura?"

Kaza ma sai da ta daina tono. Gwaggo ta dubi roba, ta dubi cikinta. Can ta miƙe ta shiga ɗaki, ta zura hannu cikin tsohon takalmin marigayi mijinta da ke rataye a bango, ta zaro kwalin.

"Kawo ruwa. Na san halinsu. Ba mutuwa sukai ba, kwanto sukai."

Daga ranar ita ke tuna mini. Ladan na cewa Allahu Akbar za ka ji, "Rakiya, kawo makamina!" Ta shanye shi tas, ta kai wa lokotoro kwalin wayam da ƙunshin fanke mai zafi, aka sake dubawa aka ce lafiya lau. Mai farantin magani kuwa, da ya sake tsayawa gabanta, matsami ta ɗaga mishi.

Yaya Mamman ya cika alkawari. Ya iso da mota, har da katifa a baya don ta kwanta a hanya. Bai iske ta gida ba, aka ce ya duba tasha. Tun daga nesa ya jiyo muryarta tana yi wa wani kwandasta faɗa. Ya kutsa cikin mutane ya ce, "Inna, na zo."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Bi layi. Waɗanga sun riga ka."

Ya bi layin kuwa, da takalminsa mai sheƙi, mutane na ta dariya. Da ya iso gabanta ya tsaya yana kallon ta, ido ya cika da hawaye, ya ce, "Alhamdulillahi." Ta ɗora mishi gyara biyu, ta ce ya rame. Ya kwana biyu ya koma da katifarsa.

Da motar ta ɓace, muna tattara kaya, sai ta ce da ni a hankali, ba da muryar tasha ba, "Rakiya, ba don hwanke na ƙi ba. Uwata nan take kwance, mijina nan yake. Can in na mutu, baƙi za su wanke ni."

Ta ƙara shekaru masu kyau bakin kaskonta. Bara ta rasu, a ɗakinta, bayan ƴar gajeruwar jinya. Maƙwabtanta da sunka yi zaman shekaru tare su sunka wanke ta, ina zuba musu ruwa. Direbobi sunka aje motoci, ƴan kabu-kabu sunka kashe babura, aka ɗauke ta a kafaɗa har inda nata suke.

Allah ya jiƙan Gwaggo Habsu, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta. Yadda ba ta taɓa sallamar kowa ba gyara ba, ya Allah ka yi mata gyara a mizaninta. Amin.