Muryar da Inna Ta Sani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, ina rumfata a bakin kasuwar Dawanau ina jera wayoyin mutane a caji, yayan Hadiza ya kira ni. Hadiza ita ce matar Auwalu, abokina kuma abokin sana'ata tun muna samari. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Sani, sai haƙuri. Auwalu lokaci ya yi." Na ce wane Auwalun? Sai ka ce ina da wani bayan shi. Na bar rumfar a buɗe na tari motar Bagwai, daga can na hau babur zuwa ƙauyensu. Na tarar an gama yi masa sutura, sallar kawai na samu. Zazzaɓi ne mai zafi ya kwantar da shi na 'yan kwanaki. Wallahi ina kewarsa, kuma har yau in waya ta yi ƙara sai na duba ko shi ne.

Waɗanda suka san Auwalu a birni sun san shi ne da waƙoƙin situdiyo. Ba shi da ubangida, ba ya ƙarƙashin kowa. Shi ke rubuta waƙarsa, shi ke rerawa, ni kuma ina kan fiyano da kwamfuta ina haɗa masa kiɗa. Ɗaki ɗaya muka kama, muka liƙe bangonsa da kwalin ƙwai don kada hayaniyar titi ta shigo. Muryarsa ta asali mai kauri ce, da ɗan kaushi, har nakan tsokane shi da muryar mai tallan gawayi. Aikina shi ne in saka ta a inji in goge ta, in ja ta sama ta yi siriri tana ɗan karkarwa, yadda ake yayi a lokacin. Haka masu biki ke so, haka muka yi musu, kuma Allah ya sanya mana albarka a ciki.

Mutum ne mai sanyin hali har yakan ba ni haushi. Wani lokacin siyasa aka zo mana da aiki mai tsoka, a yi wa wani zambo a waƙa. Ni har na fara taɓa fiyano. Auwalu ya ce ba zai yi ba, ya raka masu aikin bakin ƙofa da girmamawa, ya dawo ya zauna. Na ce, "Kai wai me ke damunka?" Ya ce, "Mutumin nan bai zage ni ba. Wanda ya zage ni ma ban iya ramawa ba, balle shi." Ranar gari da ƙuli muka ci, ina ta mita yana ta dariya.

Abu ɗaya ne na san yana ci masa rai. Auwalu ɗan fari ne, mahaifiyarsa Inna Talatu kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi. In ta kama dole sai ta ce "wancan" ko "yaron nan". Lokacin da waƙarmu ta fara zagaya wayoyin mutane, ya ɗebe mu, ni da Hadiza, muka je ƙauyensu. Ya ba Hadiza wayar ta kunna a tsakar gida, mu kuma muka laɓe a zaure muna saurare. Inna tana tankaɗe. Da waƙar ta yi nisa sai muka ji ta ce, "Wannan kuma wace yarinya ce?" Hadiza ta ce, "Inna, ai shi ne." Inna ta ce, "A'a. Ni ban san wannan muryar ba." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ni dariya na yi har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Sai da muka kusa shiga gari ya buɗe baki ya ce, "Sani, duk Kano an ji ni, ban da wadda ta haife ni."

Sai shekarun wuya suka zo. Wutar lantarki ta zama baƙuwa, fetur ya fi ƙarfin janaretanmu, masu biki suka koma ɗaura aure a watse. Wanda ke tunanin kwanon masara ba ya neman mawaƙi. Muka rufe ɗakin. Na sayar da fiyanon na kafa rumfar caji, ina jin haushin kowa da komai. Auwalu ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye, ya ce gonar mahaifinsa tana nan, kuma Inna ta tsufa.

A ƙauyen ma ba sauƙi. Mutane ba sa iya ɗaukar 'yan ƙwadago, don haka aka farfaɗo da gayya: yau a taru a nome gonar wannan, gobe ta wancan, mai gona ya ciyar. Masu gangar noma na da sun mutu, 'ya'yansu sun bar sana'ar. Auwalu ya kira ni ya ce in zo da lasifika mai batir mu ba manoma kiɗa. Muka kafa ta a gindin ɗorawa, na sako kiɗanmu mafi zafi. Da farko samari suka yi ta kuwwa, fartanyoyi na tashi. Kafin rana ta take, sahu ya wargaje. Samarin sun yi gaba suna sassarfa suna barin ciyawa, dattawa na baya suna haki. Wani tsoho, Baba Ɗanjuma, ya dogara fartanyarsa ya ce, "Kai Auwalu, kashe mana abin nan! Shi ba ya ganin mutum ya gaji ne?"

Na kashe, raina a ɓace. Auwalu ya yi tsaye yana kallon tsohon. Daga nan ya nufi gida, ya dawo da wani tsohon gurmi na kawunsa da ya daɗe rataye a zaure, tsirkiyarsa duk ta saki. Ya ɗaure ta, ya je ya tsaya a bayan Baba Ɗanjuma. In tsohon ya sara, ya kaɗa. In ya ɗago ya numfasa, shi ma ya sassauta. Hannunsa bai iya gurmin ba tukuna, yana ta kuskure, amma sahu ya daidaita. Sannan ya ɗora murya, wannan dai ta mai tallan gawayin, ba abin da ya goge ta.

Tun daga ranar bai sake waiwayar inji ba. Ya zauna ya koyi gurmin sosai, har yatsunsa suka yi kanta. Waƙoƙinsa ma suka sauya. Ya koma waƙar gero da dawa, da matan da ke kai abinci gona, da wanda ya tafi cirani bai dawo ba. Yana kiran manoma da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har da wanda bai da komai. Yakan ce mini, "A da, kiɗa nake bi. Yanzu na baya a sahu nake bi." Ƙauyukan Bagwai har zuwa Shanono aka riƙa aiko masa in za a yi gayya, kuma bai taɓa yanka wa kowa abin da zai ba shi ba. In an ba shi damin gero ya gode, in kunu ne kawai ya sha ya gode.

A daminar bara aka yi gayyar gonar Inna Talatu. Na je, na tsaya a gefe na ɗauki waƙar a wayata. Da rana ta yi, Inna ta zo da mata ɗauke da ƙoren kunu. Sauran suka ajiye suka juya. Ita kuwa ta tsaya a bakin gona tana gyara murfin ƙwaryar da ba abin da ya same shi. Ta daɗe a wurin, ba ta dubi inda yake ba ko sau ɗaya. Da yamma ya tambayi Hadiza ko Inna ta ce wani abu. Hadiza ta ce, "Cewa kawai ta yi a kai wa mai gurmin nan ruwa, maƙogwaronsa zai bushe." Auwalu ya dube ni, fuskarsa duk fara'a, ya ce, "Ka ji ko? Daga wancan mun koma mai gurmin nan. Ana samun ci gaba." Ya yi dariya, amma na san abin da yake jira bai zo ba.

Na ce ya bari in kai waƙar da na ɗauka birni in gyara, in cire ƙarar fartanya da tarin da ya yi a tsakiya. Ya ce, "Don Allah Sani bar mini kaushina. A haka aka haife ni."

Bayan an tashi daga zaman makoki, na shiga yi wa Inna sallama zan koma. Tana zaune kan tabarma da carbi, Hadiza na gefenta. Na durƙusa na ce, "Inna, ya ƙarin haƙuri?" Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki." Har na yunƙura zan tashi ta ce, "An ce kana da shi a cikin wayarka." Na ce e, Inna. Ta ce, "Ba ta injin nan ba."

Na kunna. Ƙarar fartanyoyi ta fara fitowa, sai gurmin, sai tarin nan da ya hana ni cirewa, sannan muryarsa. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta sunkuyar da kai har waƙar ta kai ƙarshe. Sannan a hankali, kamar mai kiran wanda ke ɗaki na kusa, ta ce, "Auwalu."

Hadiza ta fashe da kuka. Ta ce mini daga baya tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin sunan a bakin Inna ba. Ni kuwa fita na yi, don ban iya zama ba.

Ya Allah ka jiƙan Auwalu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa. Yadda ya jira gajiyayyu a sahu, ka sa rahamarka ta jira shi. Ka ba Hadiza haƙuri, ka raya 'ya'yansa, ka rufa musu asiri a wannan zamani mai wuya. Ka sanyaya zuciyar Inna Talatu, ka haɗa ta da ɗanta a Aljanna, ta kira shi yadda ta kira shi a gabanmu, ya ji da kunnensa ya amsa. Amin.