Sulaimanu mai furen sukari

Shekara ashirin da biyu Sulaimanu Mahfuzu ya yi yana aikin sitaf a Garwa, wato adon farar filasta da ake mannawa a silin. Iyayensa 'yan kasuwa ne a Rumde Ajiya, amma shi tun yana saurayi ya ƙi zaman shago. A daminar 2016 katakon da yake tsaye a kai ya karye, a wani gida da ake ginawa a Jambutu. Ƙugunsa ya goce. Ya yi wata biyar a kwance, da ya tashi kuma ƙafarsa ta hagu ba ta ƙara yarda da tsani ba.

Maƙwabciyarsu, Madam Georgette, 'yar kudu ce mai yin gato, wato kek, na biki da na suna. Wata safiya ta shigo neman aron rariya wajen matarsa Nasiha, sai ta tarar da shi a zaure yana sassaƙa fure a jikin guntun sabulu.

"Malam Sulaimanu, za ka iya yin wannan da sukari?"

"Sukari ai narkewa yake, Madam."

"Idan an kwaɓa shi ba ya narkewa. Ka zo ka gani."

Ya je ne don zaman gida ya ishe shi. Ta nuna masa yadda ake niƙe sukari ya yi laushi kamar gari, a tankaɗe sau biyu, a zuba ruwan jelatin mai ɗumi, a yi ta murzawa da ɗan mai a tafin hannu. Ya tambayi mene ne jelatin. Da ta ce daga ƙashin dabba ake samun sa, kuma ba ta san wace dabba ba, sai ya wanke hannunsa ya tafi. Bayan kwana uku ya dawo da ƙaro a ƙunshe cikin leda, ya daka shi, ya jiƙa, ya tace da tsumma mai tsabta. Kwaɓi shida suka lalace kafin na bakwai ya kama.

Adonsa na farko na gaton wani biki ne. Ya yi shi da kauri, da ganye da zobe, yadda ya saba yi a silin, ya bar shi ya bushe sarai. A wajen biki wuƙa ta kasa shiga, sai da ango ya sa hannu ya ɓalle shi. Washegari Georgette ta ajiye gutsattsarin a gabansa.

"Wannan ci za a yi, Malam. Ba rufin ɗaki ba ne."

Daga ranar ya koyi murza kwaɓin har sai ya yi sirara kamar ɓawon albasa. Ya yanka gwangwanin madara ya lanƙwasa su suka zama abin fitar da ganye. Ya gane cewa a zafin watan Maris kwaɓin tsagewa yake kafin a gama fure ɗaya, sai a rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle. Da damina kuwa gumi yake yi, ya riƙa manne wa yatsa, sai an ƙara garin sitaci.

Tsofaffin abokan aikinsa sun yi masa dariya, wai ya koma madafi. Yayansa Taufiƙ ya zo har gida ya ce akwai kujera a shago tana jiran sa. Sulaimanu ya yi masa godiya, ya raka shi bakin titi, da safe ya koma aikinsa. Abin da ya daɗe yana damun sa daban ne. Ya taɓa ce wa Nasiha silin da ya yi kafin aurensu yana nan har gobe, amma furen da ya ɓata kwana biyu a kansa, yara ke cinye shi kafin a gama addu'a. Ta ce ita ma haka tuwonta yake kullum.

A 2021 Georgette ta koma garinsu. Ta bar masa teburin ƙarfe da muburgin roba. Bai taɓa koyon gasa gato ba, bai kuma nema ba. Yanzu mata masu gato ne ke zuwa zaurensa su karɓi kwaɓi da furanni a cikin robobi masu murfi. Akwai wata Christelle a Tuboro da ake aika wa a motar haya duk ranar Alhamis. Furannin kan isa da karaya ɗaya ko biyu, don haka yake ƙara mata uku a kan abin da ta ce.