Akuya Ɗaya Tsakanin Tagwaye

Mu shida ne a gidanmu, a wani ƙauye na yankin Tirmini: mahaifinmu, mahaifiyarmu, kakarmu ta wajen uba, ƙanwarmu da aka yaye kafin lokaci, sai ni da abokin tagwaicina, wanda ya riga ni fitowa duniya. Kamarmu ɗaya, har mahaifinmu yakan kira mu tare don kada ya kuskure.

A wurin Kaka, tagwaye rai ɗaya ne da aka zuba a jiki biyu. Abin da aka ba ɗaya dole a ba ɗayan, abin da ɗaya ya rasa kuma dole ɗayan ya rasa, in ba haka ba fushin wanda aka tauye ya jawo wa gida masifa. Saboda haka rigarmu iri ɗaya, kuma kowa da akuyarsa.

A shekara ta biyu ta fari, rumbu ya ƙare, muka koma cin dusa. Akuyar ɗan'uwana ta mutu. Tawa ta rayu, tana ba da ɗan nonon da ƙanwarmu ke sha, wanda in ban da shi babu abin da cikinta ke riƙewa.

Ɗan'uwana ya yi kishi, ba zan ɓoye wannan ba. Ya daina yi mini magana. Idan akuyar ta gifta, sai ya jefe ta da hoge. Kaka ta ga haka, ta aika aka kira mahauci ya yanka tawa. Iyayenmu suka sunkuyar da kai, domin ba a musu da ita a kan sha'anin tagwaye.

Da mahauci ya kama igiyar akuyar, sai ɗan'uwana ya riƙe ɗaya bakin.

Kaka ta ce, "Maigidana, saki. Don kai ake yi, a daidaita ku."

Ya ce, "Tsohuwa, wa ya kai miki ƙara?"

"Idonka ya kai. Kana jin haushinta."

"Ina ji. Haushin nawa ne, ba na gida ba. Tawa ta mutu, tasa tana nan. Ni ba shi ba ne."

Mahauci ya jira har rana ta take, yaron bai saki ba. Ya mayar da wuƙarsa kube, ya tafi.

Tun daga ranar, ɗan'uwana ke zuwa daji tsinto wa akuyar 'ya'yan gawo. Da suka ƙare, ya riƙa rage dusarsa yana zuba mata, yana zaginta mai kunnen tsumma. Bai fasa jin haushina ba sai da damina ta sauka.

Bayan shekaru, ina jami'a a Zinder, an taɓa ba mu wani ƙagaggen labari na mutanen da aka ƙera daga jikin mutum guda, masu kishin juna amma masu sadaukar wa juna, aka tambaye mu ko su mutane ne. Ɗalibai suka ce sadaukarwarsu ce hujja. Na ce kishinsu ya riga ta, domin ba ka kishin wanda kai ne shi, ba ka kuma bar masa abincinka. Aka yi dariya. Ban janye ba, har yau ban janye ba.

Ƙanwarmu tana raye, ita ke koyar da yara a Mirriya.

Abin da farin ya ci a gidanmu: shanu huɗu, tumaki tara, jaki ɗaya, akuya ɗaya.