Kunun Jegona da Goɗiyar Baffa

Ko me zan manta a rayuwata, ban da wankan jegona na fari a gidanmu na Ƙofar Wambai. Ba ruwan zafin ne ya sa ba, wata goɗiya ce.

Mu asalinmu makiyaya ne, amma zaman gari ya cinye dabbobin, har ya zama abin da ya rage wa mahaifina, wanda muke kira Baffa, goɗiyar nan ce kaɗai daga irin dawakin babansa. Ja ce, ga ƙiba, wuyanta har tozo ya yi kamar na bijimi. Tun kafin aurena take fama da ciwon kofato, ya tashi ya lafa. Likitan dabbobi ya ce kada a bari ta ɗauki ciki sai ta rage jiki. Baffa ya ce to, sannan ya ja abarsa zuwa Miri wurin ingarman wani abokinsa. Shi dai burinsa ya ga ɗanta, kada irin ya ƙare a hannunsa.

Lokacin da na zo wanka cikinta ya tsufa. Mai jego ba ta da aiki sai ci da kallo, ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Daga ƙofar ɗaki nake hango turkenta, kuma tsayuwarta ce ta fara ɗaure min kai. Sai ta miƙa ƙafafun gaba can, ta mayar da nauyinta baya kamar mai shirin zama. Wata rana na faki idon Inna, mahaifiyata, na je na dafa kofaton, na ji shi zafi rau.

Da likitan ya dawo, na zura hijabi na tsaya a gefe. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Likita, wai me ya haɗa ƙiba da kofato?"

Baffa ya harare ni, shi kuwa likitan ya yi murmushi. "Jikinta ne ba ya iya ɗaukar hatsi da zaƙi, kusan irin ciwon sugan mutane. In ta ci, a kofato yake sauka, naman da ke riƙe da ƙashin ciki ya kumbura. Juna biyu kuma ƙara shi yake." Ya juya wajen Baffa. "Baba, gero da dusar da na ce a yanke, an yanke kuwa?"

"Wallahi busasshiyar ciyawa kawai take ci."

"To akwai abin da ke shiga cikinta."

Na san Baffa ba ya ƙarya, don haka maganar ta tsaya min a rai. Na zargi yaran maƙwabta, na zargi masu kawo harawa, duk ban ga komai ba. Sai na lura da wani abu: tukunyar kunun kanwar da Inna ke dama min kullum ta fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ban taɓa ganin saura ba. Washegari da hantsi, Baffa na fita kasuwa, na yi kamar barci ya ɗauke ni. Ga Inna da ƙwarya cike da kunu, an barbaɗa dusa a kai, tana shafa wuyan goɗiyar tana yi mata magana da Fulatanci.

"Inna, ba kununa ba ne wannan?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Naki da nata. Ubanki da likitansa za su kashe ta da yunwa. A ina kika taɓa ganin an bar mai ciki da busasshiyar ciyawa?"

Na maimaita mata bayanin likita, ta ce ƙuruciya ke damuna. Da na rasa yadda zan yi, sai na kama hannunta na ɗora a kan kofaton. Ta durƙusa tana jin zafinsa.

"Ni ce?" ta tambaya a hankali.

Tausayinta ya cika ni. Da kanta ta faɗa wa Baffa da ya dawo. Na zaci zai yi faɗa, sai na ji ya ce, "Ke kunu kika ba ta. Ni na ɗora mata cikin."

Aka daina kunu, aka zuba mata yashi mai laushi a turke, Inna ta koma jiƙa mata ƙafafu da ruwan randa. Amma an makara. Gab da zan koma ɗakina ta haifi 'yar duƙusa ja irinta. Abin da na gani daga nan, da duk zuwan da na riƙa yi gida, har yau yana idona: in 'yar ta nemi nono, sai uwar ta yunƙura ta miƙe jiki na rawa, ta jure har 'yar ta ƙoshi, sannan ta zube. Haka ta yi ta yi har duƙusar ta fara cin ciyawa, sannan wata safiya ta kasa tashi, kuma daga kwanciyar nan ba ta sake miƙewa ba.

Duƙusar ta girma, ita ma wuyanta ya fara cika irin na uwar duk da takatsantsan ɗin da ake yi. Ina gidan ranar da abokin Baffa na Miri ya zo ya ce lokaci ya yi da za a kawo ta wurin ingarma. Baffa ya daɗe yana kallonta.

"A bar ta," ya ce. "In irin zai ƙare, ya ƙare a tsaye da ƙafafunsa."

Babu wanda ya ƙi goɗiyar nan a gidanmu. Mutum biyun da suka fi kowa sonta su suka kwantar da ita. Tun daga lokacin na koyi cewa so kaɗai bai isa ba. Kafin in ba wanda nake ƙauna abin da raina ke so, sai na fara tambayar ko zai iya ɗauka.