Furen Gwaggo da Ruwan Jegona

Haihuwata ta biyu a Tambuwal na yi ta, ban je wankan gida Kebbe ba. Gwaggon mijina ce take yi mini wankan jego. A gindin randa tana da wani shuɗin fure mai ƙamshi da fatake suka kawo mata irinsa daga Nufe, kowace damina sai ta shuka.

Na tsani furen nan. Da idona na ga ɗan akuya ya ci ganyensa, cikinsa ya kumbura, aka yanka shi kafin la'asar. Ga babbar ɗiyata da aka yaye, kome ta samu sai baki, ni kuwa ina ɗaki da jinjiri, ba ni iya bin ta.

Na ce, "Gwaggo, don Allah a cire shi."

Ta ce, "Ke baƙauyiya, mi kika sani ban da kashin shanu? Ɗiyar taki akuya ce?"

Amma kullum da safe in ta gama yi mini wankan ta fita, sai in ɗebi ragowar tafasasshen ruwan a ƙwarya in zuba wa furen. Kwana biyar ya yi baƙi ya kwanta.

Ta tona gindinsa, ta shinshina, ta harare ni. "Tunda kina da ƙarfin dafa fure, sai ki dafa ruwanki."

Har na yi arba'in ni nake ɗora tukunyar wanka da kaina, bayana yana ciwo. Ɗiyata kuwa na sake ta ta yi yawonta a tsakar gida.